Malama Keturah, Mai Karatun Sawu a Kan Hoda

"Kada wanda ya taka mini ƙasan nan!"

Da wannan tsawa Malama Keturah ta ware hannuwa ta tare ƙofar zauren rawa na Kulob ɗin Bakin Kogi da ke Jimeta. Safiyar Asabar ce, tsakiyar daminar 1971. Bayanta mutum ya fi ashirin, sai turereniya suke, kowa na son ya leƙa ya ga teburin da ke gaban babban madubi. Jiya da hantsi kofin azurfa na zaune a kan teburin nan, wanda 'yan rawar Jimeta suka ciwo bara a gasar kulob-kulob ta Jihar Arewa maso Gabas. Laraba mai zuwa ya kamata a mayar da shi Maiduguri a sake fafatawa a kansa. Yau an wayi gari babu kofi, babu dalilinsa.

A gindin darbejiyar tsakar gida an zaunar da Baba Lado, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, wanda shi ke shara, shi ke riƙe da makulli. Hularsa na hannunsa yana ta murza ta. Sakataren kulob, Malam Bobboyi, na tsaye a kansa cikin farar babbar riga, yana duba agogo.

"Ƙofa ba a fasa ba, taga ba a ɓalle ba," in ji Malam Bobboyi. "Makulli biyu ne. Ɗaya na rataye a ofishina, ɗaya na wuyan tsohon nan. Sha biyu na bugawa zan aika a kira 'yan sanda, su suka san yadda ake tambaya."

"Ranka ya daɗe," Baba Lado ya ce, "an ba ni ajiyar harsashi a ƙasar da ban san yarenta ba, ko ɗaya bai ɓata ba. Sai yau da furfurata zan saci kofin da ko kunu ba a sha da shi?"

Wasu ma sun fara matsawa daga inda yake, sai ka ce sata cuta ce mai yaɗuwa.

Kafin mu ga yadda ta kaya, ya kamata mai karatu ya san matar nan da ta tare ƙofa, domin yanzu, shekara huɗu bayan wannan lamari, ƙarshen watan nan take ajiye aiki, kuma saboda ita aka ɗauki alƙalami.

'Yar Numan ce, a Ikko ta koyi buga tafireta, a can kuma ta koyi rawar turawa irin ta mutum biyu. Ta sauka Jimeta a 1960, saura mako shida bikin samun 'yancin kai, ta tarar da akawuna da malaman makaranta cikin tashin hankali. An ce za a yi liyafar rawa, su kuwa babu wanda ya san ƙafar da ake fara ɗagawa. Ta ari garmaho ta tara su. Ranar biki ba wanda ya taka wa matar wani ƙafa. Tun daga nan, yau shekara goma sha biyar ke nan, da safe tana ofis gaban tafireta, la'asar na yi ta hau kekenta, faya-fayai ɗaure a baya cikin tsohon zane, ta nufi bakin kogi.

Ba a raba ta da zargi ba. An ce tana koya wa 'ya'yan mutane karairaya. Wanda ya taɓa zama a ajinta ya san ba ta da abokin gaba irin mai karairaya.

"Ba a jefa ƙugu, ba shara ba ne," haka take cewa. "Miƙe gwiwa, ka ɗora nauyinka duka a kan ƙafar nan. Ƙugu zai tafi inda za shi da kansa. Kafaɗa ta mutu, ƙasa ta yi aiki."

Sabon ɗalibi, kafin ya ji kiɗa ko sau ɗaya, sai ta kai shi bakin kasuwa ya tsaya ya kalli masu tallar nono. Ƙwarya uku a ka, ko ɗigo ba ya zuba, ƙugu kuwa na tafiya kamar kwalekwale a ruwa mai sanyi. "Ka gani? Ba yanga take ba, kaya ta ɗauko." In an dawo zaure ta ɗora masa kofin ruwa a ka. Wanda ya jiƙa rigarsa ya sake daga farko. Rawar rumba, in ji ta, zuba zuma ce, ba a yi mata gaggawa, ƙugu ya gama zama kafin ƙafa ta gaba ta tashi. Ca-ca-ca yankan albasa ce, kat-kat-kat, gwiwa ta miƙe da sauri ƙugu ya tsaya cak. Samba kuwa ba gefe da gefe ƙugu ke zuwa ba, gaba da baya ne, kamar mai tafiya a kan jaki, gwiwa da idon sawu ke yin lilon.

Amma abin da ya bambanta ta da kowane malamin rawa shi ne hoda. Daɓen zauren siminti ne, ba ya santsi, don haka Baba Lado ke barbaɗa farar hoda bayan ya yi shara. Da baya da baya yake barbaɗawa har ya fita ƙofa, ya bar daɓen fari fat kamar sabuwar takarda. In an gama darasi Malama ta kori kowa gefe, ta bi sawu tana karantawa. Rumba dogon layi take bari, don ƙafa ba ta barin ƙasa. Ca-ca-ca sawu uku ne kusa da juna kamar na kaza. Samba tabo-tabo ce, kan ƙafa kawai, kamar yayyafi a kan rairayi. "Wilson, sau uku ka sauka da dunduniya. Hilda, ƙafarki ta hagu rowa take yi." Baki ya musa, ƙasa ta ba da shaida.

To, ranar Juma'ar nan Baba Lado ya barbaɗa hoda kafin ya tafi masallaci, don darasin Asabar. Shi ya sa Malama ta tare ƙofa.

Ta cire takalmanta ta bi jikin bango a hankali. Ga sawu nan, daga ƙofa ya miƙe sak zuwa teburi. Takalmi sau-ciki ne, na namiji. Ta kai gaban madubi, sai ta tsaya. Sawun da ya zo a miƙe, a nan ya rikiɗe ya koma rawa.

Ta san cutar sarai. Duk ɗan rawar da ya tsinci kansa shi kaɗai, ga babban madubi, ga fili ba kowa, ko gobara ake yi a waje sai ya ɗan taka. Ke nan wanda ya ɗauki kofi ɗan rawa ne. Ke nan cikin waɗanda ta ɗora wa kofin ruwa a ka da hannunta akwai ɓarawo. Ta ɗaga kai ta dubi fuskokin da ke cunkushe a ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ta ji ba ta yarda da ko guda ba.

"Malam Sakatare," ta ce, "takalmin taya ne a ƙafar Baba Lado. Wannan sawun na sau-ciki ne."

"To ya buɗe wa wani," Malam Bobboyi ya amsa daga waje ba tare da ya leƙo ba. "Da ɓarawo da mai riƙe masa tsani duk ɗaya ne. Saura minti arba'in."

Malam Bobboyi ɗan tsohon gida ne na cikin Yola, babban akawu, mutum mai kame kai. Sakatarcin kulob ɗin ma shugabansa na ofis ne ya ɗora masa. Kullum a bakin ƙofa yake zama da rajista, fuska a ɗaure, bayansa ga masu rawa. In an tsokane shi ya ce, "Ni nawa rubutu, ku naku tsalle-tsalle."

Hilda, ma'aikaciyar jinya, wadda da ita aka ciwo kofin, ta kutso gaba. "Adda Keturah, in dai ɗan rawa ne, a tambayi Wilson. Jiya bayan azahar na gan shi da keke a kan hanyar nan."

Wilson malamin makaranta ne, shi ya yi rawa da Hilda bara, bana kuwa Malama ta cire shi daga masu zuwa Maiduguri saboda dunduniyar nan tasa. Kowa ya san abin na cinsa.

"Ni?" Wilson ya dafe ƙirji. "Hanyar gidan ubanki ce da ba zan bi ba? Ba ke ba ce kika ce kofin nan naki ne, da ƙugunki aka ciwo shi, ni rakiya na yi?"

"Na faɗa, kuma gaskiya ce. Turmi ma in an sa masa kwat zai yi abin da ka yi."

"Ya isa," in ji Malama. Ta karyo tsinken tsintsiya ta auna sawun, ta fito ta auna takalmin Wilson. Daidai wa daida. Aka ɗauki salati. Ita kanta Malama zarginta ya karkata ga Wilson. Yana da haushi, an gan shi a hanya, ga takalmi ya yi daidai. Da ta ce uffan a lokacin nan, da an saki tsoho an kama malamin makaranta.

Ba ta ce ba. Ta auna na maza huɗu da ke kusa, biyu suka yi daidai su ma. Ta jefar da tsinken ta koma gaban madubi ta durƙusa.

A nan ne ta ga abin da ya wuce ta da farko. Rumba iri biyu ce. Wadda ta koya a Ikko, wadda ita kaɗai take koyarwa, a kan miƙaƙƙiyar ƙafa ake sauka, taku dogo, ƙugu ya iso tare da ƙafa. Ɗayar kuwa ana sauka ne da gwiwa a lanƙwashe, sai daga baya a miƙe ta, ƙugu ya iso a makare, taku gajere, sawun kuma ya zana murabba'i a ƙasa. Ita ake kira rumbar akwati. Abin da ke gabanta akwati ne, har guda huɗu, kusurwa-kusurwa tsaf, aikin ƙafar da ta daɗe da gwanancewa. Ba ta taɓa koya wa kowa wannan a Jimeta ba.

A tsakiyar akwati na huɗu akwai wani zagaye inda abu mai nauyi ya faɗi, kusa da shi shaidar gwiwoyi biyu. Sannan a gefe da gefen kowane juyi, hodar ta share kaɗan kamar fiffiken tsuntsu ya shafe ta. Wando da kwat ba sa yin haka. Bakin babbar riga ke yi.

Ta miƙe ta kaɗe gwiwoyinta. Cikin 'yan kwamitin kulob da ke tsakar gida mutum biyar ne ke sanye da babbar riga da sau-ciki, kuma duk cikinsu ba wanda aka taɓa gani yana rawa. Saura minti goma sha biyar.

"Ranku ya daɗe," ta ce da murya mai laushi, "tunda za a kira hukuma, gara 'yan kwamiti su ga sawun da idonsu, kada a ce mace ce ta ƙirƙira. Ku bi jikin bango ɗaya-ɗaya. Wilson, wana garmaho ka sa mana faifan rumba, in nuna musu yadda takun ya hau kiɗa."

Wilson ya wana, ya ɗora allura. Kiɗa ya tashi a hankali. Na farko ya wuce kamar mai zuwa ofis. Na biyu har da tuntuɓe. Malama ba sawu take kallo ba, bakin riguna take kallo. Na uku, na huɗu. Malam Bobboyi ne ya zo ƙarshe, fuska a murtuke, yana tafiya a sandare kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Taku biyar ya yi lafiya. A na shida ganga ta faɗi daidai da ƙafarsa, gwiwa ta lanƙwashe ta miƙe, bakin rigar ya kaɗa dama a makare, ya dawo hagu a makare.

Ƙafa na iya ƙarya. Ƙugu bai iya ba.

Malama ta matsa kusa da shi kamar za ta nuna masa wani abu a ƙasa, ta yi magana yadda kiɗa zai rufe.

"Malam, a ina ka koyi akwati?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Ka ɗauki kofin ka rungume kamar abokiyar rawa, a juyi na huɗu ya suɓuce. Ina yake?"

Da ya yi magana, da ƙyar ta ji shi. "Hannunsa ɗaya ne ya ɓalle. Yana wajen wani maƙeri a unguwar Luggere, ya ce Litinin. Malama, ki rufa mini asiri. In aka ji a cikin Yola cewa ɗan gidanmu na rawa, da wane ido zan dubi baffannina? Kwana biyu kawai tsohon zai yi a hannun 'yan sanda, kofi ya fito a sake shi."

"Kwana biyu ne a wurinka. A wurinsa shekara sittin ce za ta tafi. In ya fito, wa zai sake ba shi makulli?" Ta dubi agogon bango. "Faifan nan saura kaɗan ya ƙare. In ya ƙare ba ka yi magana ba, zan karanta ƙasan nan da ƙarfi, kuma ka san ba na tsallake layi."

Allura ta kai ƙarshe, ta fara ƙara ƙir-ƙir. Malam Bobboyi ya fita tsakar gida, ya wuce kowa, ya je gindin darbejiya ya durƙusa da farar rigarsa a cikin taɓo gaban mai shara. Ya faɗi komai da bakinsa. Ya ce a Garwa ya koya, lokacin da aka tura shi aiki yana saurayi, kuma shekara goma yana zaune da bayansa ga masu rawa don kada ƙafarsa ta tona shi.

Baba Lado ya dube shi, ya dubi hularsa, ya kaɗe ta ya mayar a ka.

"Tashi, ɗana, kana ɓata riga," ya ce. "Da ka gaya mini, ai ni na iya gyaran hannun kofi. Kuma in kana son zauren ranar Juma'a, ka yi magana in ƙara maka hoda."

Dariya ta ɓarke, har da masu hawaye. Hilda ta je ta tsaya kusa da Wilson tana susar kunne, ta ce masa turmin ma ai yana da amfani. Malama kuwa da ta zo wucewa ta gaban Sakatare sai ta ce, "Akwatinka ya yi kyau, Malam. Amma gwiwarka ta hagu na saurin miƙewa. Ka zo Talata." Ya zo. Yau shi ke koyar da akwati a zauren, baffanninsa kuwa sun yi fushin wata uku sun gaji.

Malama Keturah, ke ce kika riƙe harshenki a lokacin da tsinken tsintsiya ya ba ki wanda za ki kama, kika koma kika sake dubawa. Ke ce kika bar mai laifi ya faɗa da bakinsa, don ya samu abin da zai tashi da shi. Gwanar karatun ƙasa, kin koya wa garin nan cewa abin da ake zargi da karairaya aikin gwiwa ne da haƙuri, kuma kafin a nuna mutum da yatsa a durƙusa a duba sawu. Ba a taɓa rubuta sunanki a jikin kofi ba. Amma akwai tsoho a Jimeta da har yau makulli ke wuyansa, ya aurar da jikokinsa ba wanda ya ce musu jikokin ɓarawo. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba da hutu mai daɗi. Masu koyarwa da masu riƙe da rajista, ga abin koyi nan, ba sai an je Ikko ba.

Asabar da ta wuce aka yi mata walimar ban kwana a zauren. Baba Lado ya barbaɗa hoda da hannunsa, aka hana kowa shiga sai Malama ta fara takawa. Tana cire mayafi ke nan sai ga motar haya ta tsaya a bakin ƙofa. Wata doguwar mata ta sauko, ta manyanta amma tsaye take ƙyam, da ƙaramar jaka a hannu da faifai guda naɗe a ɗankwali. Ba ta gai da kowa ba. Ta ratsa jama'a ta taka farin daɓen nan, taku gajere, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu na isowa a makare.

"Sunana Zinariya, daga Garwa nake," ta ce. "An ce akwai wani Bobboyi a nan da ke koyar da rawata. Shekara goma sha biyar ke nan da ya ce in tsaya a tsakiyar fili zai je ya sha ruwa ya dawo."

Aka waiwayi kujerar Sakatare, ba kowa a kanta. Rajista na nan a buɗe, alƙalami na birgima a kanta, ƙofar baya na lilo.

Malama Keturah ta dubi sawun baƙuwar, ta dubi wani sawun sau-ciki da ya bi jikin bango da gudu. Ta ninke mayafinta ta ajiye a kan garmaho.

"Baba Lado," ta ce, "kulle ƙofar gaba, kada a taka mini sawu. Kuma kada ka share ƙasan nan tukuna."